SAYEN ALLURAR RIGAKAFI A LOKACIN ANNOBA: HAƘƘIN TALAKA NA YIN TAMBAYA

(Jawabin da aka gabatar a wajen babban taron shekara-shekara na ƙungiya)

 



Gabatarwa

Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ɗora mini nauyin yin magana a kan yadda gwamnati ta samo allurar rigakafi a zamanin annobar korona, da irin sukar da jama'a suka yi mata. Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan zance ya wuce, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa cutar ta fita daga matsayin gaggawa tun watan Mayun 2023. Amsa ita ce waiwaye adon tafiya ne. Annoba baƙuwa ce da ba ta sallama, kuma kakanninmu sun ga agana, iyayenmu sun ga baƙon dauro, mu kuma mun ga sanƙarau da amai da gudawa. Wata za ta sake zuwa, Allah ya kiyaye mu.

Abin da nake so mu tafi gida da shi guda ɗaya ne. Akwai bambanci tsakanin tuhumar wanda aka aika kasuwa da ƙin cin abincin da ya sayo. Tambayar gwamnati nawa ta saya, a wurin wa, yaushe kaya suka iso, ina suka shiga, haƙƙinmu ne kuma wajibinmu ne. Amma juya wa allurar baya saboda fushi da masu sayenta, wannan 'ya'yanmu yake cutarwa. A zamanin korona mun yi sakaci da na farko, muka ba da ƙarfi ga na biyu.

Yadda Allurar Ta Iso Nijeriya

An tabbatar da ɓullar cutar a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020, a Legas. Kafin shekarar ta ƙare, a watan Disamba, Ingila da Amurka sun fara yi wa mutanensu allura. Mu kuwa sai da muka jira har ranar 2 ga Maris, 2021, sa'ad da jirgi ya sauka a Abuja da allurai kusan miliyan 4 na kamfanin AstraZeneca, waɗanda aka sarrafa a Indiya. Ba da kuɗinmu aka saye su ba. Sun zo ne ta hannun COVAX, wato wani shirin taimakon juna da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Gavi da abokan aikinsu suka kafa domin kada ƙasashe matalauta su tashi hannu rabbana.

Mu yi ɗan lissafi irin na 'yan firamare. Kowane mutum allura biyu ake yi masa, saboda haka miliyan 4 za ta ishi mutum miliyan 2 ne kacal, a ƙasar da take da mutum fiye da miliyan 200. Wato mutum ɗaya cikin ɗari. Alhali kuwa gwamnati ta yi alkawarin yi wa kashi 40 cikin 100 na jama'a kafin ƙarshen 2021, da kashi 70 cikin 100 kafin ƙarshen 2022.

Ana cikin haka sai annobar ta yi ƙamari a Indiya, gwamnatin can ta hana fitar da allurar zuwa waje. Shirin COVAX ya tsaya cik. A watan Afrilu aka umarci jihohi da su dakatar da allurar farko da zarar sun ci rabin kasonsu, domin a tanadar wa masu jiran ta biyu. Ba a sake samun wani kaso mai kauri ba sai a watan Agusta, lokacin da Amurka ta ba da kyautar allurai miliyan 4 na kamfanin Moderna. A cikin watan ne kuma kason farko na waɗanda Nijeriya ta saya da kanta ya iso, wato allurai 177,600 na kamfanin Johnson & Johnson, daga cikin kusan miliyan 30 da ta yi oda ta hannun Tarayyar Afirka.

Abubuwan Da Jama'a Suka Soka

Suka ta farko ita ce ta jinkiri da dogaro da kyauta. Masana da 'yan jarida sun yi ta tambaya: yaya ƙasar da take kiran kanta giwar Afirka za ta zauna jiran sadaka? Ƙasashen da suka sami allura da wuri sun biya kuɗin kafin-alƙalami tun a tsakiyar 2020, tun allurar tana ɗakin gwaji. Mu kuwa ba a tanadi kuɗin sayenta a babban kasafin 2021 ba, sai a ƙwarya-ƙwaryar kasafin da aka sa wa hannu a watan Yuli, inda aka ware fiye da naira biliyan 80. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Suka ta biyu ita ce ta rashin magana da murya ɗaya. A watan Fabrairun 2021 kamfanin BUA ya sanar da cewa ya biya kuɗin allurai miliyan 1 ta hannun bankin Afreximbank domin a raba wa jama'a kyauta. Ba a kwana ba sai gamayyar 'yan kasuwa ta CACOVID, wadda kamfanin yake cikinta, ta fito ta musanta, tana cewa babu wani kamfani da zai iya saye shi kaɗai sai ta hannun Gwamnatin Tarayya. Aka yi ta musayar sanarwa a jaridu. Ba aikina ba ne in yanke hukunci tsakaninsu. Abin lura shi ne, talaka yana kallo manya suna jayayya a kan wanda zai ɗauki suna, alhali ko allura ɗaya ba ta iso ba. Kuma wannan ya faru ne watanni huɗu kacal bayan jama'a sun fasa rumbuna a jihohi da dama, a watan Oktoban 2020, suka tarar da kayan tallafin korona jibge. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Suka ta uku, wadda ta fi kowace ciwo, ita ce ta allurar da aka binne. A watan Disamban 2021, a gaban 'yan jarida, aka sa motar rusau ta tattake allurai fiye da miliyan 1 a wata bola da ke Abuja, domin wa'adinsu ya ƙare. A wannan lokaci waɗanda aka yi wa cikakkiyar allura a ƙasar nan ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Shugaban Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko na lokacin, Dokta Faisal Shu'aib, ya bayyana cewa kyauta ce aka kawo saura 'yan makonni ta lalace, kuma daga ranar Nijeriya ba za ta ƙara karɓar irinta ba. Lalata su a bainar jama'a abin yabo ne, domin ya toshe zargin cewa za a yi wa mutane lalatacciyar allura. Amma tambayar tana nan: me ya sa aka karɓa tun farko, alhali an san halin hanyoyinmu da wutar lantarkinmu da ƙarancin ma'aikatanmu?

Suka ta huɗu ita ce ta lissafi. Baya ga kuɗin kasafi, Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 400 a 2021 domin saye da rarraba allurar. Rance kuwa ba kyauta ba ne, jikokinmu za su biya. Haka kuma a watan Janairun 2021 Ministan Lafiya na lokacin ya sanar da cewa an saki naira biliyan 10 domin tallafa wa sarrafa allura a cikin gida. Annobar ta zo ta wuce, ba a yi wa kowa allurar korona da aka sarrafa a Nijeriya ba. Duk ɗan ƙasa yana da ikon ya tambayi inda aka kwana.

A Yi Wa Gwamnati Adalci

Addininmu da tarbiyyarmu sun hana mu zalunci ko da ga wanda muke suka. Gaskiya ita ce kasuwar allura a 2021 ba kasuwar Allah-da-Annabi ba ce. Ƙasashe masu arziki sun riga sun kame mafi yawan abin da masana'antu za su iya fitarwa. Kanada, alal misali, ta yi odar abin da ya ninka bukatar jama'arta sau da dama. Ko mai kuɗi a hannu daga Afirka sai ya bi layi. Bugu da ƙari, farashin man fetur ya faɗi warwas a 2020, baitulmali ya rame. Saye ta hannun Tarayyar Afirka, maimakon bin dillalai, shawara ce mai kyau, kamar yadda labarin maƙwabtanmu zai nuna.

Ƙasar Gana ita ce ta fara karɓar allurar COVAX a duniya, a watan Fabrairun 2021. Da kaya suka yanke, sai Ma'aikatar Lafiyarta ta ƙulla ciniki da ofishin wani basarake na Dubai domin ya kawo mata allurar Sputnik ta Rasha a kan dala 19 kowace ɗaya, alhali farashin da masu ita suka sanar bai wuce dala 10 ba. Wata jarida ta ƙasar Norwe ce ta tona zancen. 'Yan jaridar Gana da ƙungiyoyin farar hula suka ɗauka, majalisar dokoki ta kafa kwamitin bincike, aka gano cewa an biya dala miliyan 2.85 ba tare da amincewar majalisa ba, kuma allurai 20,000 kawai aka kawo. A ƙarshe aka dawo wa gwamnati da kusan dala miliyan 2.5.

Ku lura da kyau, ya ku 'yan'uwa. Mutanen da suka dawo da wannan kuɗi ba su ce allurar guba ce ba. Cewa suka yi a kawo takardar kwangila, a faɗi farashi, a nuna wanda ya sa hannu. Wannan ita ce suka mai amfani, wadda take da lamba da kwanan wata, kuma take ƙarewa da kuɗi a baitulmali.

Suka Iri Biyu

Mu dawo gida mu tambayi kanmu: wace irin suka ce ta fi yawa a majalisunmu da wayoyinmu a wancan lokaci? Kaɗan ne daga cikinmu suka tambayi farashi ko wa'adi. Abin da ya cika WhatsApp shi ne an zuba maganin hana haihuwa, ko wanda aka yi wa zai mutu bayan shekara biyu, ko ƙarfe zai manne a damtsensa. Shekara biyu ta wuce, ta sake wucewa, dubban alhazanmu da aka yi wa allurar suna nan da ransu, matansu suna ta haihuwa.

Ba na raina tsoron mutanenmu, domin ruwa ba ya tsami banza. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Aka yi ta shari'a har zuwa 2009, sa'ad da kamfanin ya sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Ko da yake Trovan magani ne ba allurar rigakafi ba, wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Amma mu tuna abin da gudun ya jawo. A 2003 aka dakatar da ɗigon rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa bisa zargin gurɓata shi. An dawo da shi a watan Yulin 2004, amma cutar ta ci gaba da yaɗuwa daga nan har ta kai ƙasashe kimanin 20 da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a wancan lokaci yanzu magidanta ne, muna ganinsu a kan kekunan guragu. Ba a sanar da kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka ba sai a watan Agustan 2020.

Wani abin lura a wannan tarihi shi ne hanyar da aka bi aka warware rikicin. An tura kwamitoci sun yi gwaje-gwaje, sannan aka samo maganin daga Indunisiya, ƙasar da jama'a suka natsu da ita, sarakuna da malamai kuma suka shige gaba. Wato sanin inda aka sayo abu da yadda aka gwada shi yana daga cikin abin da ke sa mutane su yarda da shi. Gwamnatin da ta ɓoye takardun ciniki, ita ce take yi wa masu jita-jita taki. Jama'ar da ta bar tambayar takardu ta koma yaɗa jita-jita kuma, ta sauwaƙe wa ɓarawo aikinsa, domin babu abin da ya fi masa daɗi irin a shagala da zancen guba a manta da zancen kuɗi.

Tushen Ciwon

Duk waɗannan rassa ne. Tushen shi ne ba mu sarrafa namu. Matasa da yawa ba su san cewa Nijeriya ta taɓa yin allurar rigakafi da hannunta ba. Daga wajen 1940 akwai ɗakin sarrafa allura na gwamnati a Yaba, Legas, wanda ya yi ta fitar da rigakafin agana da na cutar shawara da na cizon mahaukacin kare, har ana aika wa maƙwabta. A 1991 aka rufe shi da sunan gyara, gyaran da har korona ta zo ba a gama ba. Abin mamaki, cibiyar Vom da ke Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, ta ci gaba da sarrafa rigakafin dabbobi. Sanagal kuwa ta riƙe tata cibiyar a Dakar, tana fitar da rigakafin shawara zuwa ƙasashen duniya.

A lokacin korona an ƙiyasta cewa kashi 99 cikin 100 na allurar rigakafin da ake amfani da ita a Afirka daga waje take zuwa. Wannan ya sa Tarayyar Afirka a 2021 ta sa wa kanta burin sarrafa kashi 60 cikin 100 kafin 2040. Buri dai ba ya cika sai da kuɗi. A 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin baƙi, ba ta taɓa kaiwa ba, sau da yawa ko rabi ba ta kaiwa. Ga shi kuma masu ba da taimakon sun fara janye hannu: a watan Yunin 2025 Amurka ta sanar da cewa za ta daina ba ƙungiyar Gavi kuɗi, ƙungiyar da ta daɗe tana tallafa wa rigakafin jariranmu. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Kada mu ɗauka illar tana nesa. A 2023 cutar mashaƙo ta yi ɓarna a Arewa, Kano ce ta fi jin jiki, kuma mafi yawan yaran da suka kamu ba su sami cikakkiyar allurar jarirai ba. Wannan allura ce da aka sani shekaru aru-aru, kuma kyauta ake yinta a asibitin gunduma.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Ƙungiyar ci gaban gari ba za ta gina masana'antar allura ba, ba kuma za ta ƙulla ciniki da Indiya ba. Amma akwai abubuwan da ke hannunmu, kuma ina gabatar da guda biyar ga shugabanni.

Na farko, a kafa ƙaramin kwamitin lafiya na dindindin, a sa 'ya'yanmu likitoci da malaman jinya da masu haɗa magunguna a ciki, tare da limami da wakiliyar mata. Idan wata jita-jita ta ɓulla, su ne za su bincika su faɗa wa gari gaskiya kafin ta yi rassa.

Na biyu, kwamitin ya riƙa ziyartar asibitocin gundumominmu duk bayan wata uku cikin mutunci, ya duba ko firjin ajiyar allura yana aiki, allurai nawa aka kawo, nawa aka yi, yaushe wa'adinsu zai ƙare. Allurar da ta ɗumama a firji ba ta da maraba da wadda aka binne a Abuja. Inda firji ko farantin hasken rana ya lalace, gyaransa bai fi ƙarfin asusunmu ba.

Na uku, mu koyi tambaya a rubuce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, kuma wani kaso nasa ana aika shi kai tsaye ga asibitocin da aka zaɓa. Mu nemi sanin ko namu yana ciki, nawa yake samu. Akwai kuma Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta wajabta wa hukuma ta amsa cikin kwana 7. Takarda ɗaya mai ɗauke da hatimin ƙungiya ta fi surutun majalisa dubu.

Na huɗu, duk ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'armu, mu tambaye shi nawa aka ware wa rigakafi a kasafin bana, nawa aka saki, kuma ina aka kwana a kan sarrafa allura a gida. Idan ya san za a sake tambayarsa a taron baɗi, zai je ya karanta.

Na biyar, kowane magidanci ya duba katin allurar 'ya'yansa da jikokinsa yau da dare. Wanda bai kai ɗansa ba, da wane baki zai tuhumi minista?

Kammalawa

Mai girma Hakimi, jama'a masu daraja, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sukar gwamnati a kan yadda ta kashe dukiyar jama'a ba rashin kunya ba ne, ba kuma adawar siyasa ba ce, nasiha ce ga shugabanni, matuƙar an yi ta da ilimi da ladabi. Shugaba nagari ba ya jin haushin a tambaye shi lissafi. Haka nan kuma, yaɗa abin da ba mu tabbatar ba, har wata uwa ta hana ɗanta rigakafi ya mutu ko ya nakasa, alhaki ne da za a tambaye mu a kansa ranar gobe. Mu tsananta wa masu saye da tambaya, mu kuma miƙa 'ya'yanmu ga masu allura. Rigakafi ya fi magani, sa ido kuma shi ne rigakafin almundahana.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a wannan annoba da waɗanda suka gabace ta. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya ba mu ikon faɗin gaskiya. Allah ya ɗaukaka wannan gari namu da ƙungiyarsa, ya mai da kowa gidansa lafiya.